Wai jami'o'in Amurka na neman yara 'yan ƙwallo, ko damfara ce?

Manomin Riɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗan ƙanena ne, shekararsa 17, yana ajin ƙarshe a sakandare nan wajen Maigatari. Yaron ƙato ne, shi kaɗai yake cicciɓar buhun riɗi ya ɗora a amalanke. Wani ya ga hotonsa a Facebook, ya kira ya ce zai sama masa karatu kyauta a Amurka ta hanyar ƙwallo, amma a fara tura dubu 400 kuɗin fom. Uwarsa har ta soma zancen sayar da karsanarta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da gaske akwai wannan abu?

Malamin Lissafi, Gumel:
Wa alaikumus salam Baba. Abin akwai shi, sai dai ba irin ƙwallon Kano Pillars ba ce. Tasu mai siffar gwanda ce, a hannu ake rungumar ta, a sa hular kwano a yi ta karo kamar raguna. A can jami'o'i ne ke riƙe da wasan. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000.

Shafuka irin su 247Sports da Rivals suna ba yaran sakandare taurari gwargwadon iya wasansu. Biyar ne ƙarshe, kuma wajen yara 30 ne ke samu a shekara duk faɗin ƙasar. Irin wannan yaro, jami'o'in Alabama da Georgia da Ohio State duk sai sun yi sallama a gidansu. Koci da kansa zai zo ya zauna gaban uwar yana rarrashi, kai ka ce neman aure ya zo. Ranar yanke shawara yaro ya jera huluna uku masu tambarin jami'o'in a tebur gaban kyamara, ya ɗauki ɗaya ya sa. Ana sa hannu a Disamba, ko Larabar farko ta Fabrairu. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya cin kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma jami'o'in suka fara biyan su kai tsaye.

To Baba, masu wannan rububin ne za su jira kuɗin karsana?

Tsohon Ɗan Dambe:
Malam, kada dai a kashe wa yaro gwiwa. Christian Okoye daga Inugu ya tafi, jifan faifai yake yi, sai da ya haura shekara 20 ya fara wasan, amma a 1989 babu wanda ya kai shi yawan yadin gudu da ƙwallo a NFL, gasar ƙwararru ta Amurka. Mu ma a dambe, mai ƙarfi ba ya ɓuya, bayan kaka har ƙauye ake biyo shi.

Malamin Lissafi, Gumel:
Haka ne Kawu, amma shi sai da ya isa jami'a a can suka gan shi da ido. Koci bidiyon wasa yake kallo, ya duba daƙiƙa nawa yaro ke gudun yadi 40, sannan a nemi sakamakon WAEC. Hoto ɗaya ba ya isa. Akwai kuɗin rajista na hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, amma a shafinsu ake biya, ba a asusun wani ba. Baba, ku tambayi mai kiran sunan jami'ar da na kocin.

Manomin Riɗi:
Allah ya saka da alheri. Na kira shi bayan la'asar na tambaya, ya ce ba ya ji na sosai, zai kira. Har yanzu wayar a kashe take. Karsana na nan a turke, uwar yaron ce dai ta ƙi amsa gaisuwata tun jiya.