Shin fumfunar saiwa tana da hannu a mamayar kachalla a fadamunmu?

Ɗan Fadama, Zaki: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana aikin gona na wannan zaure. A wasu fadamun ƙasar Katagum da ruwa ya daɗe yana kwance, kachalla ta cinye filaye, kuma waɗanda suka sha wahalar share ta suka shuka masara suna kukan cewa shukar tana fitowa a tsumbure, ganyenta ja-ja da sirkin shuni, alhali ƙasar baƙa ce mai kyan gani. Na ji an ce akwai wata fumfuna da ke zama a saiwar tsiro tana ciyar da shi. Shin ita ce ke ƙara wa kachalla ƙarfi, ko kuwa kachallar ce ke kashe ta?

Malamar Kimiyyar Ƙasa, Bauchi: Wa alaikumus salam, Malam. Fumfunar da ka ji labarinta gaskiya ce, ana kiranta maikoriza, kuma mafi yawan tsirran doron ƙasa suna zaune da ita. Tana shiga cikin saiwa, sannan ta miƙa zaruruwan da ido ba ya iya gani zuwa inda saiwar ba ta kai ba, ta ɗebo sinadarin fosfaras ta ba tsiron, shi kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa. Masara, wake da albasa suna dogara da ita ƙwarai, kabeji kuwa ba ya hulɗa da ita sam.

Abin lura shi ne tana buƙatar iska, kuma ba ta iya yaɗuwa sai a jikin saiwa mai rai. Idan ruwa ya shekara a kan fili, iskar cikin ƙasa ta ƙare, ciyayin da ke riƙe da ita suka mutu, to yawanta yana raguwa sosai. Alamar da ka kwatanta ta yi daidai da ƙarancin fosfaras, kuma an ga irinta a gonakin masara na Amurka bayan ambaliyar kogin Misisifi ta 1993. Saboda haka ni ruwan nake zargi kafin kachallar, ko da yake ba za a yanke hukunci a kan gonar da ba a auna ƙasarta ba.

Tsohon Ma'aikacin Ban Ruwa, Dadin Kowa: Malama ta yi bayani mai gamsarwa, zan ƙara a kan ɓangaren farko na tambayar. Kachalla ba ta cika buƙatar wannan taimako ba. A cikin ganyenta da kararta akwai ramuka da ke kai iska har tushe, tushen kuma yana tafiya ƙarƙashin laka yana tsiro da sababbin kawuna, ga zangarniya guda tana watsa dubban iri a iska. Ba baƙuwa ba ce a Afirka, canjin tafiyar ruwa ne ya buɗe mata ƙofa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka bi shi da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina bushewa da rani yadda ya saba, sai kachalla ta toshe magudanu a dausayin Haɗeja da Nguru, ta hana masunta wucewa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki. Kogin Jama'are kuwa, tunda ba a kammala dam ɗin Kafin Zaki ba, har yanzu yana cika da damina ya janye da rani, kuma wannan janyewar ce ke ba ƙasa damar shaƙar iska.

Ɗalibi, Gadau: Baba, ina neman afuwa, amma ai akwai baƙin tsirran da ke yaƙar fumfunar kai tsaye. Wani ganye ɗan dangin kabeji da aka kai Arewacin Amurka daga Turai yana fitar da sinadaran da ke raunana ta, har ƙananan itatuwan daji su kasa girma.

Malamar Kimiyyar Ƙasa, Bauchi: Haka ne, amma wannan tsiron tudu ne, kada mu ɗora wa kachalla laifinsa. Misalin da ya fi kusa da namu shi ne dausayin Ebagiles (Everglades) na jihar Fulorida a Amurka, inda fosfaras da ya kwararo daga gonakin rake ya sa kachalla ta kori ciyawar asali. Taki mai yawa a cikin ruwa yana ciyar da kachalla, kuma yana sa tsiro ya rage hulɗa da fumfunar.

Malam Ɗan Fadama, a yanke kachallar ƙasa da saman ruwa domin tushen ya rasa iska ya ruɓe, a buɗe magudanar filin ya tsane, sannan a fara da wake ko dawa maimakon a bar shi fayau. Idan masara za a shuka a shekarar farko, a binne ɗan takin supa kusa da ramin shuka tun ranar shuka.