Neman taimako kan asalin kakanmu a Sabon Zangon Ankara

Salam jama'a. Wallahi abin nan ya tsaya min a rai, ina haɗa tarihin gidanmu ne amma na maƙale a kan kakan babana, wanda aka ce yana cikin waɗanda suka fara samun fili a Sabon Zango, a Ankara ta Ghana, lokacin da Malam Bako ya buɗe unguwar.

Matsalar ita ce labari biyu ake bamu. Gwaggona ta dage soja ne, wai yana cikin Hausawan Glover, wato sojojin Hausawa na wani hafsan Ingila mai suna Glover, da suka yaƙi Asante a 1874 daga baya ya zauna bakin teku, su kuma dangin mu na Kumasi sun ce sam, ɗan kasuwar goro ne da ya baro garin Salaga a arewacin Ghana bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Ni dai na fi karkata ga na goron saboda shekarunsa.

Na duba tsoffin jerin sunayen sojoji, amma Turawa sunan mutum da garinsu kawai suke rubutawa, masu irin sunansa da aka rubuta Katsina a bayan sunansu sun yi yawa, ba a san wane ne wane ba. Akwai wata takardar ajami a gida, ruwa ya cinye rabin ta, malamin da na kai wa sunayen shaidu kawai ya iya karantawa, babu shekara. Dattawan da na samu a unguwa kuma sun san gidan amma ba su riske shi ba.

Don Allah a ina ake samun rubutaccen jerin mutanen da Malam Bako ya fara yanka wa filaye a Sabon Zango?