In tallafin haya bai kai ba, sai mutum ya bar Landan?

Alhaji Bashir: Ni fa ina nan kan bakana. Gwamnatin Birtaniya ta yi daidai da ta sa wa tallafin haya iyaka a 2011, fam 400 a sati ko da gida mai ɗaki huɗu ne. Harajinmu ne. Ni bas nake tuƙawa tun asuba ban iya zama a Westminster, unguwa mai tsada a tsakiyar Landan, ba, don me za a biya wa wani ya zauna can?

Maman Khalifa: Haba Alhaji, wa ke maganar Westminster, ni a Newham nake, can gabashin Landan. Kuma ba iyakar ce kaɗai ba, da can da matsakaicin hayar unguwa ake lissafi, sai suka dawo da shi kan gidaje 30 mafi araha cikin 100, daga 2016 zuwa 2020 kuma suka tsayar da shi, haya na ta hawa tallafi na tsaye cik. Wlh duk wata daga kuɗin cefane nake cike giɓin, hita ma sai yara sun dawo makaranta nake kunnawa, kuma aiki nake fa ba zaman banza ba.

Auwal: Anti gaskiya kika faɗa. Tun 2012 in ba ka kai shekara 35 ba kuma ba iyali, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai za a ba ka.

Alhaji Bashir: To amma in ana ƙarawa kullum ai aljihun masu gidaje yake tafiya, su sake ƙara haya.

Hajiya Rabi: Wannan kam akwai ƙanshin gaskiya. Sai dai da aka rage ɗin sun sauko da haya ne? Da an ji kana karɓar tallafi sai a ce an riga an ba wani, masu nema sun yi layi. Ku tuna 2012 da ƙaramar hukumar Newham ta rubuta har Stoke-on-Trent, wani gari mai nisa da Landan, tana neman inda za a kai iyalai 500. Uwa ta bar aikinta, yara su bar makaranta da islamiyyarsu, a kai su inda ba dangin iya ba na baba.

Alhaji Bashir: Raba mutum da aikinsa kam ban goyi baya ba Hajiya. Amma iyaka dole a sa, sai dai ta riƙa bin haya duk shekara.

Maman Khalifa: Ai abin da muke roƙo kenan Alhaji. An daidaita a Afrilun 2024, 2025 aka sake tsayar da shi, ni kuma ga takardar ƙarin haya nan a kan firij tun makon jiya.