Waɗanda suka taɓa aiki a ƙasan jirgi, ku zo mu ji

Ɗan Kurna: Salam 'yan uwa. Ƙanina ya samu aiki da wani kamfani mai hidimar jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano, a wurin da jirgi ke fakin za su sa shi. Hajiyarmu hankalinta ya ƙi kwanciya tunda ta ji an ce dab da inji zai riƙa tsayawa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda abin yake.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Ni na daɗe ina tarbar jirgi, ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, aikin yana da doka kuma wanda ya bi doka lafiya lau zai koma gida insha Allah. Abu na farko da za su dasa masa a kai shi ne jar fitilar nan da ke walƙiya a sama da ƙasan cikin jirgi, muddin tana kunne ba mai matsawa kusa ko da kuwa oga ne ke masa ihu ya yi sauri, sai an kashe inji an kashe ta sannan kowa ya shigo da motarsa. Inji daga gaba zuƙa yake, daga baya kuma iskarsa tana iya kifar da keken kaya. Kai kuma mai sanduna biyu a hannu kana tsaye daidai inda direban jirgin zai gan ka, kana kiransa a hankali a kan layin rawaya, in ya iso ka gicciye sandunan sama da kanka ya taka birki, a sa waigi a tayoyi. Ranar da na fara tsayar da Boeing 747 na alhazai, wallahi har a ƙirjina nake jin rugugin, hancin jirgin ya rufe min sama gaba ɗaya.

Mai Lodi: Yallaɓai duk gaskiya ne amma ku masu sanda kun fi mu hutu. Mu cikin 737 a durƙushe muke jera kaya don ba wurin miƙewa, jaka ɗaya tana kai kilo 32, ga zafin Afrilu sama da digiri 40, kwalta na huci ta ƙasan takalmi, in ya haɗu da azumi sai dai haƙuri. Lokacin dawowar alhazai kuwa bayanka zai faɗa maka. Ya sayi abin ɗaure gwiwa tun yanzu, inda na yi aiki sai da muka yi ta roƙo kafin a ba mu.

Baban Ummi: Kuma abin toshe kunne, kar ya cire. Abokan aikinmu da suka raina shi yau sai ka ɗaga murya suke jin ka.

Maman Khalifa: Ni a ofishin lissafin lodi nake, mu ke rubuta wane kaya zai shiga gaba wane zai shiga baya. Ɗan uwa ka gaya masa in takarda ta ce ramin kaya na gaban jirgi to na gaba ne, kar ya ce ai duk cikin jirgi ne, da wannan lissafin direba ke saita tashinsa. In kuma ya ga motar kaya ta ɗan gogi jikin jirgi ya faɗa nan take, ko da shi kaɗai ya gani, injiniya ya zo ya duba.

Ɗan Kurna: Na gode Hajiya. Lokutan aiki fa?

Mai Lodi: Karɓa-karɓa ne, har da dare da ranar Sallah. Lokacin hazo, Disamba zuwa Janairu, ku wuni zaune ba jirgi ko ɗaya saboda ba a ganin titin sauka, wasu a karkatar da su Abuja, hazo na ɗagawa sai su taho a jere kowa na son a sallame shi. A irin wannan zaman ne ake fitar da mu mu jeru muna tsintar duwatsu da ƙusa da leda a filin, don ƙaramin noti in inji ya zuƙe shi jirgin ya kwana ke nan. Wayarsa kuma ta zauna a aljihu in ana shan mai.