Shawarwarin da aka tattara kan yaron da kunnensa ba ya ji

Abin da aka fi nanatawa a wani zama da aka yi kan yara masu matsalar ji shi ne kada a jira. A gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Wanda ya yi sanƙarau ko ƙyanda, a sake gwada shi.

Na'urar ji kuwa, a bar masa ita a kunne muddin yana farke. Uwa ta kashe rediyo, ta durƙusa daidai fuskarsa, ta ce "ruwa" tana miƙa masa moɗa. An ɗan yi gardama kan maganar hannu. Ni dai ina bayan masu cewa ba ta hana baki buɗewa, a haɗa masa biyun.