Wani mai kati ya ce shi scout ne: mece ce ma'anar kalmar, kuma shin in biya?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 16 yana buga ƙwallo a ƙungiyar unguwa. Ranar Asabar wani mutum ya biyo shi har gida, ya miƙo mini kati mai ɗauke da kalmar scout, ya ce zai kai shi gwaji Turai idan na biya naira miliyan 2 kafin ƙarshen wata. Ni dai waɗanda na sani da wannan suna su ne yaran makaranta masu ɗaura ƙyalle a wuya. Mene ne ainihin aikinsa, kuma iyaye ne ke biyan sa? Fili zan sayar, shi ya sa nake tambaya.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kalmar ta samo asali ne daga wani aikatau na tsohon Faransanci mai ma'anar saurare, kuma tun da daɗewa suna ne na sojan da ake turawa gaba ya leƙo inda abokan gaba suke, ya dawo da labari. Baden-Powell, hafsan sojan Ingila, shi ne ya ɗora ta a kan ƙungiyar yaran da ya fara da sansani a tsibirin Brownsea a 1907. Ana kuma amfani da ita ga wanda ya fita neman wurin ɗaukar fim ko ɗan wasa mai hazaƙa.

Tsohon Saja:
Mu a bariki "reki" muke cewa, kuma wanda aka tura reki ba ya karɓar ko sisi daga mutanen da ya je dubawa.

Maman Halifa:
Malam, ka yi haƙuri, amma ƙamus ba ya biyan bashi. Ƙanena ma kati aka ba shi. Mahaifiyarmu ta sayar da awarwaron zinarenta, muka haɗa naira miliyan 1 da dubu 200, aka kai shi wani masauki a arewacin Afirka tare da yara biyar, mutumin ya karɓi fasfo ɗinsu da sunan zai buga biza, bai sake dawowa ba. Wata bakwai ya yi yana wanke-wanke a gidan abinci kafin mu tara kuɗin dawo da shi. Takalman ƙwallonsa suna nan a rataye bayan ƙofa, ya ƙi taɓa su har yau.

Koci Ɗanladi:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni dubu 300 na ji ana karɓa, kuma ko wannan bai halatta ba, domin ƙungiyar da ta aiko scout ita ke biyan sa. Dokar FIFA ma ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa, sai bisa wasu sharuɗɗa kaɗan. Ahmed Musa kansa sai da ya cika 18 a 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holland wasa bayan barin Kano Pillars.

Maman Halifa:
Koci, wani koci ne ya gabatar mana da mutumin, saboda haka ba ku ne za a fara saurara ba.

Auwalu Direba:
Idan mai nemowa ne scout, to tsohuwar da ke nemo wa samarin unguwarmu matan aure ta fi kowa cancantar katin.

Malam Habu:
Ni laifin da nake gani na masu shirin wasanni ne a rediyo, waɗanda ke jefo kalmar a cikin Hausa ba fassara, alhali da sun ce mai farautar 'yan wasa, su kuma bambanta shi da dillali, da iyaye sun san wanda ke tsaye a zaurensu.

Tsohon Saja:
Wani ma na ji ya fassara ta da ɗan leƙen asiri, wanda aikinsa dabam ne.

Baban Sadiƙ:
Mutumin ya sake kira yanzu, ya ce in kawo rabi ya isa. Koci, wace takarda zan nemi ya nuna mini?