Me ya sa ɗanwake ke riƙe ciki, shayi da burodi kuma ba sa riƙewa?

Maman Hafsa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma na daɗe da lura cewa ranar da na karya kumallo da shayi da burodi, tun kafin ƙarfe goma yunwa take dawo mini, amma ranar da na ci ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, sai in kai azahar ban tuna da abinci ba, alhali abin da na ci bai fi burodin yawa ba. Abu na biyu, yayata tana fama da ciwon suga da ƙiba, kuma likita ya yi mata maganar wata allura da ake yi sau ɗaya a mako, wadda aka ce tana rage sha'awar abinci. Shin akwai alaƙa tsakanin waɗannan abubuwa biyu? Ina roƙon masu ilimi su fahimtar da ni.

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam, Malama. Alaƙar tana nan, kuma a cikin hanji take. Mutane da yawa sun ɗauka cewa cikar tumbi ita ce ƙoshi, amma wannan rabin magana ne. A jikin bangon hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta a warwatse, waɗanda ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin bangon ba, aikinsu shi ne su ɗanɗana abin da ke wucewa, su gane ko maiƙo ne, ko sukari, ko furotin, sannan su saki sinadaran saƙo da ake kira homon. Wasu daga cikin saƙonnin suna bin jini, wasu kuma suna taɓa wata doguwar jijiya da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa. An san da wannan tun 1902, lokacin da Bayliss da Starling suka gano sikiritin a Landan, wanda shi ne homon na farko da aka taɓa ganowa.

Idan maiƙo da furotin suka shiga farkon ƙaramin hanji, sai a saki wani homon mai suna CCK, wanda ke matse maɗaciya ta zubo ruwanta, ya kuma sa tumbi ya rage saurin tura abinci gaba. Can ƙasa kuma, a ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji, akwai ƙwayoyin da ke sakin wasu homon biyu masu suna GLP-1 da PYY, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa abinci ya wadatar. To, ki duba kwanon ɗanwakenki: wake da ƙwai furotin ne, mai yana nan, garin kuka da wake kuma suna ɗauke da zaren da ba ya narkewa a sama, sai ya gangara babban hanji inda bakteriya ke sarrafa shi, abin da suke fitarwa kuma yana ƙara zaburar da waɗancan ƙwayoyi. Farin burodi da shayi mai sukari kuwa kusan sitaci da sukari ne zalla, ana tsotse shi da wuri tun a sama, sugan jini ya hau ya sauko, saƙon ƙoshin kuma bai yi nauyi ba.

Baba na Ƙofar Doka:

Malam, mun gode, amma akwai inda bayaninka bai kai ba. Duk mai azumi ya san cewa yunwa takan taso da ƙarfi wajen lokacin da ya saba cin abincin rana, sannan ta lafa da kanta ba tare da ya sa komai a baki ba. Idan saƙon ƙoshi daga abinci yake fitowa, me ya kwantar da ita?

Malamin Samaru:

Tambayar tana kan hanya, Baba. Yunwa ma tana da nata homon, sunansa girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, kuma daga tumbi mafi yawansa ke fitowa. Yana hauhawa kafin cin abinci, ya faɗi bayan an ci, amma yana bin sabo: yakan taso a lokutan da mutum ya saba cin abinci, kuma ko ba a ci ba yakan ja baya bayan wani lokaci. Ƙarancin barci ma an ga yana ɗaga shi, abin da ya kamata ɗalibai masu kwana karatu su sani.

Hajiya Mai Magani, Sabon Gari:

Ni mai harhaɗa magunguna ce, bari in ɗauki maganar allurar. GLP-1 da jiki ke yi ba ya wuce kusan minti biyu a jini kafin wani sinadari ya lalata shi, shi ya sa aka daɗe ana neman irinsa mai jimawa. An fara samun mafita daga yawun wani ƙadangare mai dafi da ke hamadar Amurka da Meziko, aka yi maganin exenatide da aka amince da shi a Amurka a 2005. Wadda likita ya faɗa wa yayarki mai yiwuwa semaglutide ce, da ake sayarwa da sunan Ozempic tun bayan amincewa da ita a 2017, ko kuma tirzepatide ta 2022, wadda ke kwaikwayon homon biyu, GLP-1 da GIP. Suna sa jiki ya saki insulin idan suga ya hau, suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, suna kuma rage sha'awar ci a ƙwaƙwalwa.

Sai dai, Malama, magani ne mai ƙarfi, ba na gyaran jiki don biki ba, kamar yadda wasu suka mayar da shi. Tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare a makonnin farko, don haka ake farawa da ƙaramin awo a riƙa ƙarawa a hankali. Ba a ba mai juna biyu, kuma wanda ya taɓa samun kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, dole ya sanar da likita. Yawancin waɗanda suka daina allurar nauyinsu yakan dawo, ga ta da tsada, ga buƙatar ajiye ta a firij kafin a fara amfani da ita, wanda ba ƙaramin abu ba ne a yanayin wutar lantarkinmu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide da aka gano a wasu ƙasashe, saboda haka kada ta saya a hannun masu talla a WhatsApp. Idan kuma tana shan wani maganin suga ko tana allurar insulin, ta tafi da su gaban likitan, domin haɗa su ba tare da gyara awo ba yana iya faɗar da suganta ƙasa fiye da kima.